Motarku Ta Kawo Adakar Yayana, Ba Ta Kawo Shi Ba

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke jigilar alhazai tsakanin garuruwanmu da filin jirgin sama na Kano.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne a ƙasar Tudun Wada, ƙanin Malam Iro, wanda ya tafi aikin Hajji bana ta hannunku. Na zo ofishinku an ce ba ka nan, na dawo an ce kana nan amma ba ka ganin mutane. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Ka san al'adar direbobinku: idan mota ta kwaso alhazai daga filin jirgi, duk garin da za a sauke wani, tun daga bayan gari ake danna oda don a fito tarya. Ranar wata Laraba bayan la'asar muka ji odar nan. Mata suka ɗau guɗa, mahaifiyarmu ta fito ko takalmi babu. Motar ta tsaya a ƙofar gidanmu, babu kowa a ciki sai direba, domin sauran alhazan sun sauka a Bebeji da Kiru da Kwanar Dangora. Ya sauko da adakar Yaya da butarsa, ya ajiye. Na tambaye shi ina mai kayan. Ya ce, "Wallahi kaya aka ba ni, aka ce nan ne gidan." Ya juya motarsa, guɗar ba ta ma gama mutuwa ba.

Wa ya ce masa ya yi wa adaka oda?

Na biyu. Na bi alhazan da suka sauka a hanya har gidajensu. Na Kiru ya ce ya ga Yaya kwance ba lafiya a Jidda. Na Bebeji ya ce kamar ya gan shi cikin jirgi. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya sallace shi. An cusa su cikin mota ɗaya ba su san juna ba, kowa hankalinsa na gida.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Limaminmu ya ce ba shaida, ba takaba. Matar Yaya, Hauwa, tana nan a rataye, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Ba mu zauna makoki ba, ba mu yi sadaka ba, ba mu taɓa gonarsa da sunan gado ba. Adakar tana ɗakinsa a kulle, an rasa mai ƙarfin halin buɗewa. Ni kaina nakan ji odar nan ina tsakiyar gona, in ɗaga kai, hanya wayam. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kada a ce yana can kwance yana jiran mu.

Roƙona shi ne ka binciko wanda ya ɗora adakar nan a mota. In Yaya yana raye, a gaya mana inda yake. In ya rasu, a aiko mutum mai baki ya faɗa a gaban liman, mu yi kukanmu. Kuma ka hana direbobinka yin oda a ƙofar gidan da ba su kawo mutum ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da irin wannan jira. Har yau duk motar da ta yi oda a hanya, mahaifiyarmu sai ta tashi ta shimfiɗa tabarma.

Wassalam.
Ƙanin Malam Iro, daga ƙasar Tudun Wada.