Gilashin da Kika Saya Mini

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu hutawa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina rubuto miki daga Legas, daga bakin get ɗin da nake gadi. Idan kin ga layin ya karkace, ki yi haƙuri, dalilin wasiƙar ke nan.

Mama, idon nan zai tafi. Likita ya ce wai hawan jinin ido ne, ya riga ya ci gefe da gefe, saura tsakiya. Magani zai rage masa gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Mota takan tsaya a gabana, sai na kusa sa hanci a jikinta kafin in karanta lamba. Oga bai kore ni ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Amma ya fara tambayar yaushe zan je hutu.

Kin tuna yadda ake kirana daƙiƙi a garinmu Digil? Malam ya yi ta zane ni saboda ba na kwafe abin da ke allo. Na daɗe ina riƙe da shi a zuciya, sai dai gaskiya bai sani ba. Ni kaina ban sani ba. Na ɗauka kowa haka yake ganin duniya, kamar ta cikin hayaƙin murhu.

Ke ce kika gane. Muna dawowa daga mayo, wato rafi, na rusuna na gaida kututture, na ce masa ina kwana Baba. Matan da ke tare da mu har da riƙe ciki. Ke ba ki yi dariya ba. Kin dai ce, "Wannan yaro, kanka lafiya, ido ne."

Na fara zama saurayi lokacin. Wata ranar kasuwa kika ɗora mini wake a ka, wai in raka ki Mubi. Ina ta ƙunƙuni a hanya. Muka sauke waken, sai kika wuce da ni wani ɗaki inda wani mutum ya dinga ɗora mini gilasai ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko na gani.

Da muka fito da gilashi a idona, na tsaya cak a bakin titi. Ashe duwatsun nan namu akwai itatuwa a kansu. Ashe ganyen darbejiya ɗai-ɗai yake. Na juyo na dube ki, ranar na fara sanin kina da wushirya.

Sai kika durƙusa nan cikin ƙura, 'yan acaɓa suna kauce miki, kika ɗaga hannu kina cewa, "Yesu na gode, Yesu na gode." Kunya ta kama ni, ina jan bakin zanenki. Kika ce, "Bar ni, ni aikena aka yi, mai kyautar yana sama."

Da muka isa gida, tun daga ƙofa na hango turken akuyarki babu komai. Da a ce jiya ne, ba zan hango ba. Nan na gane da me aka biya kuɗin gilashin. Yara suka sa mini Ido Huɗu, har yau a Digil ba a san ni da wani suna ba.

To Mama, bari in faɗa miki, na yi fushi da Allah. Lokacin da gudun rikici ya raba mu da gida, na yi shiru. Aka binne ki ba na nan, sai hoto a waya, na yi shiru. Yanzu kuma ido? Ran Lahadi nakan zauna a bencin baya, ana waƙar godiya bakina a rufe.

Amma in za a yi lissafi, a yi shi daidai. Da idon nan na karanta Littafi Mai Tsarki da kaina. Da shi na ga fuskar Rifkatu, jikarki, ranar da aka haife ta. Ban roƙa ba aka ba ni, ban ma san akwai abin roƙa ba. Wannan kam ba zan ci amanarsa ba.

Rifkatun tana hannun yayata a Digil. Rabona da ita tun tana faɗuwar haƙori, yanzu an ce ta kamo ni tsawo, ita ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Kullum sai in ce sai na tara abin hannu tukuna. Idon ba zai jira abin hannu ba.

Yau da safe na gaya wa oga ya nemi wani mai gadi kafin ƙarshen wata. Ban san abin da zan ci a gida ba. Ina so dai in zauna a bencin gaba in kalle ta tana waƙa, in kalla sosai, in ajiye.

Ya Uba, na gode da abin da na gani. Ka riƙe mini ɗan hasken nan har in sauka a tashar Mubi. Ka ba baiwarka hutu a wurinka. Amin.

Ni ne ɗanki,
Ishaku