Ruwan Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon ƙafar?

Kin san gonarmu ta bayan garejin makanikai, wadda baƙin mai ya kashe. Damina biyu ina kwashe ƙasarta da baro har bayana ya ƙage, ko ciyawa ba ta tsiro ba. To, Auta ya dawo daga jami'a da jarkoki cike da wani ruwa mai tsami. Wai akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye man. Na yi masa dariya. Ya gauraya da taki ya zuba, ya ce a riƙa juya ƙasar ana ba ta ruwa. Wa zai juya? Ni mana. Shi wuni guda ya riƙe fartanya hannunsa ya yi bororo.

Ki gaida yara.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Abin ya yi. Ƙasa ta daina wari, masara ta wuce tsayina, ko da ruwan sama ya ɗauke ba ta yi yaushi ba. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, Allah shaida ne. Amma Baba ya shiga kiran maƙwabta su zo su ga gonar Auta. Gonar Auta, Yaya! Ina tsaye a gefe da laka har gwiwa, wani ya miƙo min wayarsa in ɗauke su hoto. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Shi Auta bai yi min komai ba, har ma yana gaya wa mutane ni na yi aikin, sai su ce kai, ga ilimi ga kunya. Wannan ya fi ƙona min rai.

Yanzu ya samu aiki ya tafi. Jiya Baba ya ɓare masara ɗaya, ya latsa ta da farce, ya ce in tambayi Auta ko ta isa girbi. Ni da na fara girbi tun ana goya shi.

Na tambaye shi ta waya. Ya ce in duba da kaina, na fi shi sani. Haka na gaya wa Baba, ya ce a dai jira ya zo.

Muna jira. Tsuntsaye sun fara ci.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Dogo