A Bari a Faɗa wa Yara Cewa Jirgin Zai Komo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidan Matasa na unguwarmu, Tahoua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina neman gafararku da na yi ƙarfin halin rubuto muku. Ni ɗaliba ce a aji uku na kolej, kuma ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Amma na ji cewa ranar Asabar mai zuwa za ku sake nuna wa ƴan firamare fim ɗin zanen nan na jirgin da ke zuwa taurari, shi ya sa na kasa yin shiru.

Na farko, ga abin da ya faru. Asabar da ta wuce da la'asar na kawo Hajo, ɗiyar ƙanwar innata, wadda ba ta ko shiga lakwal, wato makarantar boko, ba tukuna. Bana suka zo mana daga Takanamat a bayan kamiyo, bayan gero ya ƙone a gona kuma awakinsu sun ƙare. Kakarmu ta ƙi shiga motar, ta ce ba za ta bar gida ba kowa ba. A ƙofarku an rubuta cewa fim ɗin na yara ne, sai na ce bari yarinya ta yi dariya.

Ta yi dariyar kuwa, lokacin da mutumin ƙarfen nan na cikin fim ɗin yake tuntuɓe. Daga nan aka nuna duniyar mutanen fim ɗin ta bushe, dabbobi kwance, mutane na hawa jirgi da ƙunshin kayansu, wata tsohuwa kuma ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tulun iri. Jirgi ya tashi, tsohuwar tana ƙara ƙanƙancewa ta taga har ta ɓace. Ranku ya daɗe, abin da Hajo ta gani ke nan daga bayan kamiyo.

Na biyu, maganar harshe. A cikin fim ɗin matuƙin jirgi ya yi wa tsohuwar alkawarin za su nemo ruwa su komo, kuma a ƙarshe wata murya ta ce sun komo sun tarar da ita lafiya. Duk wannan da Faransanci aka faɗa, ba a nuna komowar a hoto ba. Na duƙa ina fassara wa Hajo a kunne, sai mai tsaron ƙofa ya haska ni da tocila, ya ce in na ƙara magana zai fid da mu. Ban ga laifinsa ba, dokar da aka ba shi ke nan. Amma dokar ta sa ni na ji labari mai daɗi, ita kuma ta kalli yadda ake barin tsohuwa ta mutu.

Tun ranar, Hajo ba ta cinye tuwonta. Rabi take ci, rabi ta ƙulle a gefen zanenta ta ce na Kaka ne. Kun san jar dawar da sojoji ke rabawa ba ta kai a ɓoye rabi ba, yarinya kuma dama a rame ta zo. Na rantse mata cewa jirgin ya komo. Ta ce ita da idonta ta kalla, ba ta ga haka ba.

Na uku, ra'ayina. Fim ɗin ba shi da batsa, ba shi da zubar da jini, kuma ni kaina na ƙaru da shi. Ya dace da yaron da ke jin Faransanci. Bai dace da ƙaramin da hoto kawai yake gani ba, musamman bana. Ku dubi tabarmin gaba ranar Asabar: da yawansu daga Barmou da Bambeye da arewa fari ya koro su, kuma kusan kowa akwai wanda ya baro a baya.

Ba na roƙon ku hana fim ɗin. Ina roƙon ku sanar da iyaye a ƙofa abin da ke cikinsa. Ina kuma roƙon ku ba da izini wani ya tsaya gefen allo ya riƙa faɗa wa yara da Hausa abin da ake cewa, wani kuma da Buzanci. In ba a samu mai Hausar ba, ni zan yi. Muryata ƙarama ce, amma na riƙe kowace magana ta fim ɗin, kuma zan ɗaga ta. Zan zo da Hajo. A gida ba ta yarda da ni ba. Watakila in ta ji a gaban hoton, cikin jama'a, ba wanda ya haska ni da tocila, ta yarda.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa ga nasa.

In kun yarda, ina neman izinin sake rubuto muku bayan Asabar, in shaida muku ko Hajo ta cinye tuwonta.

Wassalam.

Ɗiyarku,
Zeinabu