Katangar Saje Abdulgani

Asabar, 7 ga Oktoba
Abokan horon soja sun raɗa mini suna Basha, wai ɗan manya, don sun ga Mama ta aiko mini da matashin kai daga Alkahira. Na yi dariya tare da su, amma ta ciki na ciki. Wake da burodi safe da yamma, tumbina kuwa ko gezau.

Talata, 10 ga Oktoba
Katangar nan ta filin horo. Mu goma ne a rukuninmu, tara sun haye, ni na rataye kamar wanki. Saje Abdulgani ya ce ranar Alhamis duk rukunin da ya bar mutum a baya babu hutun zuwa gida. Ya dube ni: "Basha, ko a kawo maka tsani da shayi?"

Alhamis, 12 ga Oktoba
Ban haye ba.
Sauran rukunoni sun tafi tasha, mu muna sharar fili. Da ma zagina suka yi. Fargali, dogon nan mutumin Sohag da matarsa ke da cikin wata tara, shi ya miƙo mini tsintsiya. Jakarsa tun jiya a ɗaure. Na kasa kallon idonsa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Asabar, 14 ga Oktoba
Matar Fargali ta haihu jiya, mace, 'yarsa ta fari. A ofis aka kira shi aka faɗa masa. Ya raba alewa, har da ni. Suna ranar Juma'a. In na sake faɗuwa ranar Alhamis, an yi ba shi.
Da yamma ya ja ni gindin katangar, ya durƙusa. "Taka, Basha. Kafaɗar nan ta ɗauki buhun albasa, ba ka fi shi daraja ba." Saje ya yarda a tallafa wa mutum, amma hawan kansa naka ne. Hannuwana ne ba su da komai. Ashe ban taɓa ɗaga ko da nauyin kaina ba.

Litinin, 16 ga Oktoba
Tafin hannuna duk ya saluɓe.
Kawu Midhat ya zo da mota. Ya yi magana da wani babba, jibi za a mayar da ni ofis mai fanka. Wallahi na ji daɗi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Har na samo hujja: in ba ni, su tara za su haye lafiya.
Na kai wa Fargali labarin kamar albishir. Ya daɗe yana goge takalmi, sannan ya ce, "Ashe a gidanku ta ƙofa ake haye katanga. To, Allah ya kiyaye hanya. Kafaɗata ce dai ta sha taku a banza."
Na ce don 'yarsa nake yi. Ya ce, "Kar ka laɓe bayan jaririya, ɗan'uwa. Ba ta kai ta ɓoye ka ba."

Laraba, 18 ga Oktoba
Motar ta zo. Na ce wa direban ya koma, ya gaida Kawu. Ban san me ya hau kaina ba. Yanzu in na faɗi gobe, ni na hana mutum sunan 'yarsa da gangan.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Ba hawan nunawa ba ne. Na taka Fargali, na kama bakin katanga, na tsaya cak, ba sama ba ƙasa. Ina jin su suna ihu. Wandona ya yage tun daga baya. Na dai ja, na ja, sai ga ni a ɗaya gefen, tim! Baki cike da yashi.
Saje ya ce tun da ya shiga soja bai ga haye mai muni irin wannan ba. Sannan ya ce mu ɓace masa da gani kafin ya canza ra'ayi.

Juma'a, 20 ga Oktoba
Gida. Mama ta ga hannuwana ta yi kuka. Kawu ya yi fushi, ya ce tayin ofis na nan har Lahadi. Na ce zan yi tunani. Jakata dai na riga na ɗaure, matashin kan na bar shi a kan gado.
Jiya a tasha, jirgin Sohag na tashi, Fargali ya leƙo ta taga ya kwaɗa kira a gaban jama'a: "Kai, Buhun Albasa! Lahadi kar ka makara!"
Mutane suka waiwayo su ga wane ne. Na ɗaga hannu.