Na ce jikana ya sha ciki, ashe nonon akuyata na ba shi

Assalamu alaikum Hajiya Aina'u. Don girman Allah ki taimake ni da shawara.

Ni dattijuwa ce a wani ƙauye kusa da Zakirai. Bayan ƙaramar salla aka kawo mini yayen jikana Fatihu, ɗan wajen babban ɗana. Yaro tubarkalla ɓul-ɓul, sai dai rigima. Ya ƙi koko, ya ƙi kunu, kukan nono kawai. Ana haka akuyata ta yi ɓari, hantsarta ta cika fam, babu ɗan da zai sha. Na ce kai, Allah ne ya kawo wa angona rabonsa. Kullum da safe sai in tatsa in ba shi da ɗuminsa a ludayi. Ban taɓa tafasawa ba, don mu a wurinmu tafasa nono kashe masa ƙarfi ne. Haka aka ba mu, haka muka bayar.

Da ya koma wurin iyayensa a Gezawa sai zazzaɓi. Ya sauka, ya dawo, gumi har ya jiƙa shimfiɗa, in an taɓa gwiwarsa sai ihu. An yi maganin maleriya, an yi na taifot, shiru kake ji. Ga uwarsa Ramlat da ƙaramin ciki. Ni da bakina, a gidan suna, cikin mata, na ce yaron ya sha ciki ne, sakacin uwarsa ne da ba ta cire shi a nono da wuri ba. Yarinyar nan ko kai ba ta ɗago ba. Maganar ta zaga dangi, har mijinta ya fara ganin laifinta.

Makon jiya wata akuyar ma ta yi ɓari, na kira malamin dabbobi. Ya ce kada wanda ya sha nonon awakin nan ɗanye, ciwon da yake sa su ɓari yana bin nono ya kama mutum. Da ya faɗi alamomin, wallahi kamar yana kallon Fatihu. Ban gaya wa kowa ba. Ramlat kuwa har yanzu tana bugo waya ta gaishe ni, ta ce Inna a sa shi a addu'a. Kunya kamar in nutse. Shin in sa a mai da shi asibiti ba tare da na ambaci akuya ba? Awakin kuma in kai su kasuwa in huta?

Kaka mai nadama

Wa alaikis salam Inna. Nonon da kika ba shi, ƙauna ce ta sa, kuma ba ki sani ba. Ba ni da tabbacin shi ne sanadi, gwajin jini ne zai nuna. Amma shirun da kike yi yanzu da saninki kike yinsa, kuma jikin yaron ne yake biya.

Ciwon da malamin ya faɗa makiyaya suna kiransa bakkale. Maganin maleriya ba ya taɓa shi, kuma da wuya likita ya neme shi in ba a ba shi labarin akuyar ba. Don haka ba zancen ɓoyewa. Ki shirya ki tafi Gezawa gobe, ku kai shi babban asibiti, ki faɗi komai da bakinki. Ciwon yana warkewa, sai dai maganin na makonni ne, kada a yanke, kada kuma a saya a kemis da ka. Ke ma a gwada ki, tunda ke kike tatsa. Awakin ki bi abin da malamin dabbobi ya ce, kai su kasuwa tura cutar gidan wani ne. Nono kuma, na saniya ko na akuya, a tafasa shi tukuna.

Saura Ramlat. Na san ba ƙaramin abu ba ne uwar miji ta ba suruka haƙuri, amma girmanki ba zai ragu ba. Ki fara da ɗanki, sannan ita. Tunda cikin mata kika ɗora mata laifin, cikin mata za ki sauke shi.

Allah ya ba Fatihu lafiya, ya sauki Ramlat lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki.