Adireshin Matar Yaya

Laraba, 5 ga Maris

Na yi, an wuce wurin. Ba zan sake tunanin abin ba.

Yaya ya zo ofis da rana, ya tsaya a bakin get har na fito cin abinci. Ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Tun da matarsa Anti ta kwashe kayanta ta bar masa gida, ta tafi da 'yarsu Ɗigo, bai sake sa yarinyar a ido ba, ko unguwar da suke bai sani ba. Ya ce, "Auta, ko daga nesa ne in hango ta. Wallahi ko kallon uwarta ba zan yi ba." Na ce Yaya aikina fa. Ya ce, "Aikin da sai da na yi miki wahalar makaranta kika same shi?" Sai ya share ido da bayan hannu. Ko ranar da Baba ya rasu ban ga hawayensa ba.

Ni da nake wuni ina buɗe asusun mutane a manhajar kamfaninmu na kai saƙo, wannan ya manta kalmar sirri, wancan kayansa sun ɓata a hanya, mene ne guda ɗaya a ciki? Lambar Anti na san ta da ka. Na rubuta, sai ga adireshin da ake kai mata madarar yara. Bene, hawa na sama, ƙofar ƙarshe. Na shiga banɗaki na kira shi na karanta masa.

Uba ne zai ga 'yarsa. Shi ke nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Innalillahi.

Yaya ya je jiya. Ta ƙi buɗewa, ya ɓalle ƙofa. Anti tana asibiti, hannunta ya karye. Maƙwabta ne suka riƙe shi har 'yan sanda suka zo. An ce a cikin durowar kaya aka samu Ɗigo.

Umma tana ta zagaye tsakar ɗaki da mayafi a hannu, ta rasa inda za ta. Wai Anti ce ta ja, mace ta ɗauke wa mutum 'ya me take tsammani. Na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Babu wanda ya tambayi yadda aka yi ya san gidan. Allah ya sa kar a tambaya.

Talata, 11 ga Maris

Katina ya ƙi buɗe ƙofar ofis. Na goga shi a riga, na sake sawa, jar fitila. Mai gadi ya ce Madam, shugabarmu, ta ce in jira a ƙasa.

Ɗan ɗakin nan na kusa da lif suka kai ni, wanda ake tattaunawa da masu neman aiki. Madam da wani mai gilashi daga sashen tsaro. Ya juyo min da kwamfuta: sunana, rana, lokaci, asusun Anti. Ya ce, "Ta shigar da ƙorafi ne kika buɗe?" Na ce a'a. "Wani ya sa ki daga sama?" Na ce a'a. Ashe 'yan sanda ne suka rubuto, domin Anti ta faɗa musu ba ta ba kowa adireshin ba sai kamfaninmu da 'yar'uwarta.

Na san ana ajiye tarihin duk abin da muka taɓa. Ni da bakina nake faɗa wa sababbin ma'aikata haka. Na ɗauka dai ba mai dubawa.

Madam ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Cewa ta yi, "Ke fa nake shirin miƙa wa sashen nan." Aka sauko min da jakata da kofina da silifas ɗin da nake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, a cikin kwalin takarda. Ko sama ba a bari na hau ba.

Na tsaya a tashar mota da kwali kamar mai talla.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ɗauka korar ce ƙarshe. Ashe somin taɓi ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Jiya a ofishin 'yan sanda na wuni. Benci, fanka mai ƙara, wata 'yar sanda tana rubuta abin da nake faɗa a hankali kamar ba ta da gida. Sun karɓe wayata. Kawu ne ya zo ya tsaya min aka ba da ni beli, bai yi min magana ba duk hanya, sai da muka iso ƙofar gida ya ce, "Karatu ya yi rana."

Yau mun je wurin lauya. Ƙaramin ofis ne a saman kantin magani, fayil har kan kujeru. Mace ce, gajeriya, ba ta da wasa. Ta ce tuhuma biyu ce a kaina a yanzu: shiga bayanan mutum ba da izini ba, da miƙa su ga wani. Na ce ai ina da izini, aikina ne. Ta ce, "An ba ki makulli don ki yi wa masu gida aiki, ba don ki buɗe wa wanda suke gudu ba." Kuma wai idan mai gabatar da ƙara ya ga dama zai ƙara ta uku, taimaka wa wanda ya aikata laifi.

Na tambaye ta ko akwai ɗauri. Ta ce akwai. Ta faɗi shekarun. Ba zan rubuta ba.

Na ce mata minti ɗaya fa ban yi a asusun ba. Ta ce doka ba ta sa agogo.

Litinin, 17 ga Maris

Abinci ba ya wucewa. Shayi kawai.

Me na yi wa Anti? Ni na zauna da ita a asibiti ranar haihuwar Ɗigo. Ni nake ba ta aron takalmi. Ta sani sarai ni ce kaɗai a gidanmu ke aiki a wurin, amma ta buɗe baki ta ambaci kamfanin. Da ta yi shiru me zai rage ta?

Asabar, 22 ga Maris

Umma ta zauna a bakin gadona, ta riƙe min ƙafa, abin da ba ta taɓa yi ba. Wai in ce kuskure ne, hannuna ne ya taɓa, ban gaya wa kowa komai ba. Shi kuma Yaya zai ce a hanya ya hango su ya biyo su, zuciya ta ɗebe shi. In aka ce ya nemi adireshi tun kwanaki kafin ya je, to ya zama da niyya, hukuncinsa zai yi nauyi.

"Auta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ke mace ce, za su tausaya miki."

Na kai wa Lauya maganar. Ta cire gilashi ta ajiye. Ta ce suna da lokacin da na buɗe asusun, suna da kiran da na yi masa a bayansa, ba tazara. In na yi ƙarya a gaban alƙali na ƙara wa kaina laifi, ita kuma in nemi wata. Shawararta: in amsa laifina, in faɗi yadda aka yi, in ba da shaida a shari'ar Yaya. Nan ne kaɗai take ganin ƙofar sassauci.

In ba da shaida a kan Yaya. Wanda ya goya ni ya kai ni makaranta.

Gaba kura, baya sayaki.

Laraba, 26 ga Maris

Na yi wauta. Na je shagon ɗinkin yayar Anti, na durƙusa a gaban keke, na ce ta roƙa min ita ta janye. Mata suna gwada kaya, duk suka juyo. Yayar ta ce, "Tashi, kina ba ni kunya. Ba ita ta kai ki ba, hukuma ce." Ina fita ta biyo ni bakin ƙofa: "Kin san sau nawa ta sauya gida kafin wannan? Kin taɓa tambayar dalili?"

Lauya ta kusa cinye ni da faɗa. Ashe sharaɗin belina ne kar in kusanci kowa nata. Wai in matar ta kai rahoto, a tsare zan jira shari'a.

Duk motar da ta tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ba ta kai rahoto ba. Ban san dalili ba.

Na nemi aiki wuri uku ko huɗu. Ɗaya sun kira ni, hira tana tafiya daidai, har mutumin ya tambayi me ya raba ni da tsohon wurina. Na fara kame-kame. Ya rufe fayil yana murmushi. Garin nan masu irin aikinmu duk sun san juna.

An cire ni daga zauren hirar abokan aiki. Ba wanda ya kira, sai mai shara, ta ce tana yi min addu'a.

Talata, 8 ga Afrilu

Lauya ta samo bayanin da Yaya ya yi wa 'yan sanda tun ranar da aka kama shi. Ta ce in zauna tukun.

Ya ce shi bai nemi komai ba. Wai ni na kira shi haka kawai na ba shi adireshin, na ce ya je ya ɗauko 'yarsa, don dama ba na shiri da matarsa.

Na ce ta sake karantawa. Ta sake.

Tun ranar farko ke nan. Tun kafin Umma ta riƙe min ƙafa. Ni ina nan ina ƙin cin abinci saboda shi.

Na zauna a matattakalar kantin maganin. Mai kantin ya miƙo min ruwa a kofin roba, ya ce ko hawan jini ne. Na yi dariya har ya tsorata.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na gaya wa Umma. Ta ce, "Tsoro ne ya sa shi. Namiji a kulle ba ya cikin hankalinsa."

Ni fa, Umma? Ban faɗa ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na amsa laifina. Na ba da shaida.

Ɗakin kotun bai kai yadda nake zato ba, kamar aji. Yaya yana gefe, bai ɗago ba. Aka tambaye ni wa ya nemi adireshin, na ce yayana. A ina? A bakin get ɗin ofis. Me ya ce? Na maimaita har da wallahin. Umma ta tashi ta fita, ina jin ƙarar takalminta har ƙarshen baranda.

Sai aka kira Anti. An cire filastar, amma yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa, da hagu ta riƙe takarda. Ta faɗi abubuwan shekara da shekaru. Ranar bikin da ta zo da baƙin gilashi ta ce ciwon ido ne. Lokacin da ta ce ta zame a banɗaki. Duk ina nan. Ni na raka ta sayen maganin ciwon idon.

Ta ce gidan da Yaya ya ɓalle wa ƙofa shi ne na farko da Ɗigo ta fara barci ba tare da takalmi a ƙafa ba, don da kullum a shirye suke su gudu. Yanzu ko mai kawo saƙo ne ya ƙwanƙwasa, yarinyar sai ta nemi wurin ɓuya.

A baranda muka yi kiciɓis, ba hanyar kaucewa. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma akwai. Ta ce, "Da na yi rajista a manhajar na tuna kina can. Sai na ce ai Auta ce."

Ta wuce.

Juma'a, 16 ga Mayu

Hukunci. Ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, da tara, kuma an hana ni duk aikin da ya shafi bayanan jama'a na wasu shekaru. Lauya ta ce in gode wa Allah. Ta ce sunana ya shiga rajistar masu laifi, wannan kam ba ya goguwa, in saba da faɗinsa da bakina kafin a gano.

Yaya an ɗaure shi.

Umma ba ta yi min magana tun ranar shaida. Tana ajiye min abinci a rufe a kan firji. Muna wuce juna a ƙofar kicin kamar 'yan haya.

Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Kamar an zare min wani abu a ciki an manta ba a mayar ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na fara aiki a sito na wani mai sayar da tayil, sati na biyu ke nan. Ƙirga kwalaye, manna takarda. Na faɗa masa komai ranar farko, ya ce tayil ba shi da sirri. Bayana yana ciwo, hannuna ya yi kanta.

Yau ranar ziyara, Umma ta dawo daga wurin Yaya da kwanon abinci babu komai a ciki. Ƙawarta ta gidan gaba ta shigo jin labari. Ina gefe ina guga. Suka fara: ya rame, sauro, wai ko sabulun kirki babu. Daga nan aka gangaro kan Anti. Ƙawar ta ce mace mai ƙashin tsiya, ta shigo gida ta tarwatsa shi, ta ɗaure ɗa ta ɓata wa 'ya suna. Umma ta ce Allah zai saka.

Sai na ji muryata ta ce, "Da ni ce ita, da tuni na kai shi. Ta ma yi haƙuri."

Ban shirya faɗa ba. Ƙawar ta ja mayafi ta ce ta bar tukunya a wuta. Umma ta daɗe tana kallona, na ɗauka mari ne zai biyo baya. Sai ta ce, "Rigarki tana ƙonewa."

Da gaske tana ƙonewa, daidai kafaɗa.

Gajiya ce kawai, ina jin. Aikin nan yana sa mutum sakin baki. Na cinye abincin da ke kan firji tas, har na kankare tukunya. Gobe motar kaya za ta zo da sassafe, sai in nemi wata rigar.