Wayar Bayan Silin

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiyata lau, raina ne dai a ɓace, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai ke.

'Yan ajin ƙarshe da nake koya wa fiziks sun ƙera injin iska. Da muka zo darasin hanyoyin samar da lantarki na ce ba za mu tsaya ga zane a allo ba. Suka samo farfelar tsohuwar fanka, suka ciro maganaɗisu daga matacciyar lasifika, suka naɗa waya har yatsunsu suka yi kanta. Muka kafa shi a rufin ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da iska ta juya shi, ƙwan lantarki ɗaya ya kawo wuta, ɗan mitsitsi, ja-ja. Yaya, da kin ji ihu! Wata da suke kira Doguwa, wadda ta naɗa rabin wayar, har da hawayenta.

To, baƙi za su zo zaɓen makarantun da za su je gasar kimiyya. Shugaban makarantarmu ya leƙa ƙwan namu ya taɓe baki, wai ko sauro ba zai ja ba. So yake a jera ƙwayaye su rubuta sunan makaranta, a jawo waya ta bayan silin daga janaretan ofishinsa, a ce aikin yara ne. Na ce ba da ni ba. Wai ba ni da kishin makaranta. Ni da nake hawa tsani da zanina in ɗaure ƙarfe, shi yana ƙarƙashin fanka!

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na ga saƙonki cewa in yi haƙuri. Ki ji abin da zan yi haƙuri a kai.

Shugaban namu ya sa mai gyaran wuta ya ja wayar ranar hutu, ban sani ba. Ranar da baƙin suka zo ko ganye ba ya motsi. Farfela tsaye cik a kan rufi. Shugaba ya danna makunni, sunan makaranta ya haska tar, janareta kuwa na ta ruri a bayan ofis har sai an ɗaga murya. Suka yi ta tafi. Wallahi, Yaya, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin nan. Na buɗe baki, ya harare ni, na dubi iyayen yara da suka cika wurin, na haɗiye maganata.

Sai ya kira Doguwa, ya dafa kafaɗarta, ya sa ta yi bayanin yadda injinsu ya kunna fitilun. Ta yi, kanta a ƙasa, muryarta kamar mai zazzaɓi.

Washegari ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malama, in an tambaye mu a jarrabawa ko ana samun lantarki ba tare da komai ya motsa injin ba, wace amsa za mu rubuta, taki ko ta jiya?" Ba wanda ya yi dariya. Wani daga baya ya ce ashe wahalar banza suka sha. Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci.

Kuma an zaɓe mu, za mu gasar.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ku, ina fatan Inna ta fara takawa. An yi gasa, an gama.

A zauren wata makaranta aka yi, inda babu silin ɗin Shugaba. Sai ya ce in ɓoye batir a cikin akwatin injin. Na ƙi, na kuma faɗa wa yara abin da ya ce, tunda injinsu ne. Suka ce da ƙwai ɗaya za su je.

Alƙalai suka kunna wa injin babbar fanka, farfela ta juya, ƙwan ya kawo ɗan jan haskensa. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauko hoton ranar ziyara ta tambayi ina sauran fitilun. Doguwa ta faɗa mata gaskiya tiryan-tiryan, wannan karon kanta a sama. Aka cire makarantarmu daga gasar.

Kin san wa aka hukunta? Ni. Wai na zuga yara sun zubar wa Shugaba da mutunci. Ya ƙwace ajin, ya tura ni tsaron ɗakin karatu, ya ba malamin motsa jiki fiziks, ga jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Malamin nan, bawan Allah, da kansa ya zo yana roƙona in nuna masa ta ina ake farawa. Na kai ƙara ofishin ilimi, sun ce za su duba. Shugaba kuwa har ya sa hotonsa da fitilun a bangon ofis.

Ranar Asabar ina wanki na ji sallama. Yaran ne, ajin gaba ɗaya, kowa da littafinsa. Tabarmina ba su ishe su ba, sai da maƙwabciyata ta aro mana nata. A jikin ƙofar kicin na yi musu darasi da gawayi, har maigidan haya ya fara ƙorafi.

Don haka ki roƙar mini maigidanki, tunda kafinta ne, ya yi mini allo. Babba nake so, wanda na baya zai hango. Kada ki gaya wa Inna komai tukuna.

Ƙanwarki har kullum,
Auta